Makin Aji ko Takarda Marar Suna: Wa Jarrabawar BAC Take Karewa a Arlit?

Tun da Faransa ta ware kashi 40 cikin ɗari na sakamakon BAC ga makin aji, daga shekarar 2021, ake jin masu kira da Nijar ta bi sawu. Wani abokin aikinmu ya ƙara wa kiran hujjar da ta cancanci amsa, domin da sunan ƴaƴan arewa ya kafa ta. A cewarsa, ɗalibin da iyayensa ke Assamaka, bakin iyakar Aljeriya, wanda ya yi tafiyar kilomita wajen 200 zuwa Arlit ya zauna hannun mai masauki shekara uku, zalunci ne a yanke masa hukunci da abin da ya rubuta cikin ƴan kwanaki. Tausayin na gaskiya ne. Maganin ne nake jin tsoron zai cuci wanda aka so a taimaka wa.

Tsarin da ake ciki sananne ne: aji uku na lise, jarrabawa ɗaya ta ƙasa, a ci da 10 bisa 20, sai zagaye na biyu ga wanda ya kusa.

Abin tambaya shi ne, me makin aji yake aunawa a gari irin Arlit? Gari ne da haƙar uraniyom ta haifa: an kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, na COMINAK a Akokan a 1974, aka gina wa ma'aikata unguwanni masu ruwa da lantarki, sauran jama'a suka yi sansani a Bukoki. Aikin gida da ƙananan gwaje-gwajen zango sun fi sauƙi ga yaron da ke da fitila, da tebur, da mai yi masa bita da dare. Jarrabawar ƙarshe ma ba ta kuɓuta daga wannan bambanci ba, na yarda. Amma ita tana barin ƙofa ga wanda ya yi tuntuɓe a ajin farko, baƙo a gari, Faransancinsa bai nuna ba, sannan ya farfaɗo daga baya. Makin aji kuwa yana ajiye masa tuntuɓen, ya biyo shi da shi har ranar sakamako. Ga kuma rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, da ya raba ɗaruruwan magidanta da aiki. Yaron da gidansu ya tashi zuwa Agadas ko Tawa a tsakiyar karatu, makin wace makaranta za a ɗauka, da wane ma'auni?

Abokin namu ya ce wannan zargin malamai ne. A nan dole in taƙaita da'awata. Ban ce malamin Arlit yana sayar da maki ba. Abin da nake iya tsayawa a kansa ya fi haka ƙanƙanta, kuma ina ganin ya isa: 12 ɗin makarantar kuɗi da 12 ɗin makarantar gwamnati ba lallai su zama abu ɗaya ba, musamman inda malamai ƴan kwantaragi ke riƙe da azuzuwa, yajin aiki kuma ke iya cinye makonni. A ƙaramin gari malami yana haɗuwa da uban ɗalibi a masallaci da kasuwa, kunya kaɗai tana iya ɗaga maki. Uban ɗan Assamaka yana can nesa, ba wanda zai ji kunyarsa. Takardar da aka rufe sunan mai ita, ita ce kawai wurin da nisan nan ba ya yi masa lahani.

Mun ma taɓa gwadawa a matakin firamare. An jingine jarrabawar CFEPD ta ƙarshen firamare kusan shekara goma, aka dogara da gwajin aji, sai ga shi an dawo da ita a 2024. Firamare ba lise ba ce, kuma ba zan ɗora wa misalin kayan da ya fi ƙarfinsa ba. Duk da haka, mai son a maimaita gwajin a kan takardar shiga jami'a, shi ke da nauyin bayyana abin da ya sauya.

Inda na ba abokin namu gaskiya ɗaya ne: ɗalibin da zazzaɓi ya kayar a makon jarrabawa. Wannan kam a buɗe littafin makinsa na shekara uku gaban masu yanke hukunci, a duba shi da idon basira, idan makinsa ya tsaya gab da 10.