Sarayar da Sirri Domin Tsaro: Nazarin Haɗa Layukan Waya da Lambar NIN a Najeriya, 2020 zuwa 2024

Tsakure

Maƙalar nan ta auna hujjar da ake kafawa cewa ɗan ƙasa yakan sarayar da wani ɓangare na sirrinsa da son ransa domin ya samu tsaro. An ɗauki shirin haɗa layukan waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, a matsayin abin nazari. Abin da ya bayyana shi ne yardar da ake ambato ba ta cika ba, kuma ba a ɗora wa hukuma wani nauyi da za a iya tuhumar ta a kansa ba.

Matsayin doka

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu ta waya. Sashe na 45 kuwa ya halatta a taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a, muddin dokar da ta yi hakan tana da hujja karɓaɓɓiya a tsarin dimokuraɗiyya. Abin lura shi ne Dokar Kare Bayanai ba ta samu sa hannu ba sai a watan Yunin 2023, bayan an riga an tara zanen yatsu da hotunan miliyoyin mutane.

Batun yarda

A watan Disambar 2020 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su haɗa kowane layi da NIN. Hujjar mai sauƙin karɓa ce, musamman a Arewa maso Yamma: masu garkuwa da mutane da waya suke cinikin kuɗin fansa, in an san mai kowane layi, asirinsu ya tonu. Wanda ya sayar da gonarsa ya fanso ɗansa ba zai tsaya jayayya kan sirrin lambar waya ba, kuma babu mai ganin laifinsa.

Sai dai a fiƙihun ciniki ma, yarda ba ta inganta in akwai tilas. An yi ta ɗage wa'adi, har a watan Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Ɗan kasuwar da cinikinsa da asusunsa na banki suka rataya a kan layi ɗaya ba shi da zaɓin ƙi. Haka lamarin ya kasance a Zamfara a Satumbar 2021, lokacin da aka katse sadarwa bisa buƙatar gwamnatin jihar: jama'a da dama sun yi na'am, amma ba a nemi ra'ayinsu ba kafin a yi.

Abin da aka samu

Nan ne cinikin ya fi rauni. An kai hari kan jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, aka shafe watanni ana tattaunawa da maharan. A Maris 2024 aka kwashe ɗalibai a garin Kuriga da ke jihar Kaduna. A Janairun 2024 Isa Ali Pantami, tsohon ministan sadarwa da aka fara shirin a zamaninsa, ya fito fili ya koka cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. A 2024 ɗin dai ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet suna sayar da bayanan NIN a kan naira 100.

Wannan bai tabbatar da cewa shirin ba shi da amfani ba, domin laifin da aka hana aukuwa ba ya shiga lissafi. Amma nauyin kawo hujja yana kan wanda ya karɓi bayanan. Sharaɗin Sashe na 45 ba zai cika ba sai hukuma ta riƙa gabatar wa Majalisar Tarayya adadin lokutan da aka buɗe bayanan masu layi, da wanda ya ba da izini, da shari'o'in da suka biyo baya.