Rigakafin Shan Inna da Zauren Mai Unguwa

'Yan uwa marubuta, in muka zo labarin ƙin rigakafin shan inna a Kano, muna saurin kiran iyayenmu jahilai. Mu koma 1996 tukuna. Ana tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana. Cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Da wannan tabon aka shiga 2003, gwamnatin Malam Shekarau ta dakatar da rigakafin, sai a Yulin 2004 aka ci gaba, da maganin Indunusiya.

Sauya magani bai buɗe kowane gida ba. A 2009 Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa, saƙo ya riƙa bin hanyar da muka sani a Ƙaraye da Rogo: hakimi, dagaci, mai unguwa. Magidancin da ya ƙi, mai unguwa da liman ke zama da shi a zaurensa. Cikin gida kuwa mata 'yan unguwa ke shiga da maganin. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.