Wutar da Aka Hura wa Matan Mamata a Indiya

A farkon ƙarni na 19, idan magidanci ya rasu a wasu gidajen mabiya addinin Hindu na yankin Bengal, ba gawarsa kaɗai ake kaiwa bakin kogi ba. Matarsa takan biyo baya, an yi mata wanka, an caɓa mata ado kamar amarya. A jibga itace, a kwantar da ita gefen gawar, ɗanta ko wani ɗan'uwan mijin ya cinna wuta. Al'adar Sati ke nan, kuma masu kare ta sun dage cewa matar ce ta zaɓa da kanta.

Ram Mohan Roy, malami ɗan Bengal, ya ƙaryata wannan a rubuce-rubucen da ya fara fitarwa a 1818. Ya bayyana yadda ake ɗaure mace tare da gawa, a danne ta da dogayen sandunan gora don kada ta zabura in wuta ta taɓa ta. Wanda ya yarda da abu ai ba ya bukatar igiya.

Turawan Ingila da ke mulkin yankin sun daɗe suna jan ƙafa, suna gudun taɓa addinin mutane. A 1813 suka gindaya sharuɗɗa: kada matar ta gaza shekara 16, kada ta kasance da juna biyu, kada a bugar da ita, kuma ɗan sanda ya tsaya shaida. Sai abin ya zama tamkar hukuma ta sa albarka. Daga 1815 zuwa 1828 rajistarsu ta nuna an ƙone mata sama da 8,000, akasari a kewayen Kalkata.

Me ya sa abin ya fi ƙamari a Bengal? Masana tarihi da dama sun ɗora yatsa kan gado. A tsarin Dayabhaga da ake bi a can, matar da ba ta da ɗa namiji tana iya gadon rabon mijinta. Rayuwarta asara ce ga dangin miji, mutuwarta riba. Wadda ta tsira kuma aske kai ke jiranta, da farin zane, da zaman ƙasƙanci ba damar sake aure.

Ranar 4 ga Disamba, 1829, Gwamna William Bentinck ya haramta Sati. Masu ra'ayin riƙau suka kai kuka har Landan, aka yi watsi da ƙararsu a 1832. A 1856, bisa fafutukar Ishwar Chandra Vidyasagar, doka ta halatta wa matar mamaci sake aure.

Amma ranar 4 ga Satumba, 1987, a ƙauyen Deorala na jihar Rajasthan, aka ƙone Roop Kanwar, 'yar shekara 18, tare da gawar mijinta, wata takwas kacal da ɗaurin aurenta. Jama'a suka yi ta tururuwa wurin suna neman tabarruki. Ƙungiyoyin mata suka tayar da ƙura, majalisa ta yi sabuwar dokar da ta haɗa da hukunta masu kambama al'adar. A 1996 kotu ta sallami waɗanda aka tuhuma da kisanta, saboda a garin da taro ya tsaya kallo an rasa shaidar da za ta tsaya. Mutum takwas na ƙarshe da ake tuhuma da kambama lamarin, su ma an wanke su a 2024.