Motar Lantarki: Tsohuwar Baƙuwa Da Ta Dawo

Mutane da dama na ɗaukar motar lantarki a matsayin sabuwar ƙira ta wannan zamani, amma tarihi bai yarda da haka ba. A wajajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin da ke Amurka da batir suke tafiya. Ba hayaƙi, ba ƙara, kuma ba sai an murɗa ƙarfe an tayar da su ba. Abin da ya kayar da su shi ne tsada da rashin wuta. Henry Ford ya fito da Model T mai araha a 1908, man fetur ya yalwata, alhali yawancin ƙauyukan Amurka ba su da lantarki. Motar batir ta zama ta ’yan birni kawai, daga baya ta ɓace.

Da ta tashi dawowa bayan kusan shekara ɗari, akwai hannun ɗan yankinmu a ciki. Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ya karanci zanen gine-gine a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Birnin Kebbi, ya kammala a 1988, sannan ya tafi Detroit ya koyi zanen motoci. Ya shiga kamfanin General Motors a 1994, kuma shi ne ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, fiye da rabinsu a ƙasar Sin.

Wannan bunƙasa ba ta kashe gardama ba. Masu goyon baya na cewa za ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Masu suka kuwa na nuni da ramukan Kongo, inda ake haƙo mafi yawan ma’adinin kobalt na batir, wani lokacin da hannun yara ƙanana. Bugu da ƙari, sun ce motar da aka caja da wutar gawayi ta dai sauya wa hayaƙi gida ne.

Tamu gardamar a nan gida daban take. Lokacin da Jelani ke shugabancin hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, daga 2017 zuwa 2023, an buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, gwamnatin Borno ta zuba motocin haya na lantarki a Maiduguri. Ɗan kabu-kabun da ke jigila tsakanin Dalijan da Gwandu, wanda rabin cinikinsa ke ƙarewa a gidan mai, zai fi kowa marhabin da babur mai batir. To amma ina zai caja shi a garin da wuta ke yin kwanaki ba ta leƙo ba?

Ke nan muna tsaye ne inda manomin Amurka ya tsaya a 1910. Bambancin shi ne, shi ba shi da faifan sola, mu kuwa rana ba ta yi mana rowa ba. Idan irin tashar Sakkwato ta isa kasuwannin Kalgo da Gwandu, babur mai batir zai biyo ta da kansa. Idan ba ta isa ba, sai dai mu ci gaba da jin labarinsa a rediyo.