Daga Masaukin Fatake Zuwa Otel: Tarihin Kamfanin Azalaï

Ya kai mai karatu, in kana da tsoho a gida, tambaye shi labarin ayarin gishiri. Zai gaya maka yadda Abzinawa ke saukowa da raƙuma bayan kaka, ɗauke da kantun gishirin Bilma da dabino, su koma da gero. Tasawa tana bisa wannan hanya tun da daɗewa. A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Barth ya iso Tasawa, bayan ya biyo irin wannan ayari daga Abzin.

Baƙon da ya zo da kaya yana bukatar wurin kwana. Shi ya sa a garuruwan kasuwa akwai fatoma, wato mai masaukin fatake. Shi ke ba baƙo ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ci bashi. Jarinsa amana ce. Fatoman da ya ci amanar baƙo ɗaya, baɗi ayari zai wuce ƙofarsa.

Wannan sana'a ba ta mutu ba. A manyan birane ta koma abin da ake kira otel. Ga tarihin wani kamfani na yankinmu da ya girma a cikinta.

Mai kamfanin sunansa Mossadeck Bally. Mutumin Mali ne, amma a Yamai aka haife shi a 1961. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne. Ya yi karatu a Faransa da Amurka, sannan ya komo Bamako ya shiga kasuwancin gidansu na shigo da kaya. A nan ya lura da wani abu. Abokan cinikinsa da ke zuwa daga waje suna yawan kuka da masaukin da suke samu.

A lokacin gwamnatocin ƙasashenmu ne ke riƙe da manyan otel-otel, kuma da yawa sun lalace. Gwamnatin Mali ta sa nata a kasuwa. A 1994 Bally ya sayi Grand Hôtel na Bamako, tsohon gini tun zamanin mulkin Faransa. Ka tuna, a watan Janairu na shekarar nan ne aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Gyaran tsohon otel kuwa yana cin kuɗi. Sai ya nemi rance, har da na wani reshen Bankin Duniya mai taimakon ƴan kasuwa.

Bai yi gaggawa ba. Ya yi shekara shida da otel guda. Sai a 2000 ya buɗe na biyu, Otel Salam, wanda ya gina tun daga tushe a Bamako.

Daga nan sai ka natsu, don a nan dabarar take. Mallakar otel daban, tafiyar da shi daban. Ka san mai shanu yakan ba makiyayi kiwo. Shanu na mai su ne, amma sanin kiwo na makiyayi ne, kuma kowa da rabonsa. Haka ma otel. Wani yana da gini amma bai iya karɓar baƙi ba. Sai ya danƙa shi ga kamfanin da ya iya, a rubuta yarjejeniya, a faɗi shekaru, a faɗi abin da kowa zai samu. Ta haka kamfani ke yaɗuwa ba sai ya gina kowane gida da kuɗinsa ba.

Bally ya bi hanyoyin duka. Wani otel ya saya, wani ya gina, wani ya karɓi riƙonsa. Ya karɓi Otel Nord-Sud a Bamako. A 2004 ya ƙetare iyaka, ya karɓi Otel Indépendance na Wagadugu daga hannun gwamnatin Burkina Faso. A 2005 ya haɗa su duka ƙarƙashin suna ɗaya, Azalaï. Azalai shi ne ayarin raƙuman da ke ɗauko gishiri daga Taudeni zuwa Tambutu, ɗan'uwan ayarin da ke zuwa mana daga Bilma. Daga baya kamfanin ya shiga Bisau da Kwatano.

Mene ne amfanin suna ɗaya? Baƙon da ya ji daɗin kwana a Bamako, in ya je Kwatano ya ga sunan, ba ya tambayar kowa, sai ya shiga. Amma in aka wulakanta shi a gida ɗaya, sauran ma sun rasa shi. Don haka kamfanin ya buɗe makarantar koyon aikin otel a Bamako, inda samari da ƴan mata ke koyon girki da gyaran ɗaki da karɓar baƙo.

Kada ka ce abin riba ce zalla. Ranar 30 ga Oktoba 2014 mutanen Wagadugu suka tashi don hana shugaba Blaise Compaoré ƙara wa kansa wa'adi. Ƴan majalisar da ke goyon bayansa an sauke su a otel ɗin Azalaï. Masu zanga-zanga suka afka wa otel, suka kwashe kaya, suka cinna wuta. Aikin shekara goma ya lalace a wuni ɗaya. A watan Maris na 2016 ƴan bindiga suka kai hari Otel Nord-Sud, inda sojojin Turai masu horar da sojan Mali suke zaune. A 2020 cutar korona ta rufe iyakoki, ɗakuna suka zauna ba kowa.

Da otel guda ne da shi, da gobarar Wagadugu ta gama da shi. Sauran gidajen ne suka tallafe shi. A 2016 ya buɗe a Nuwakshot ta Muritaniya, a 2017 a Abijan, a 2023 kuma a Dakar.

To, kai da ke saukar da baƙi ran kasuwar Tasawa ko ta Mayahi, ko kike sayar da tuwo a tasha, sana'arku ɗaya da mutumin nan, girma ne ya bambanta. Ya fara da gida guda, ya gyara shi sosai kafin ya nemi na biyu. Dukiyar da aka ba shi riƙo kuma, da takarda ya karɓe ta, kowa ya san haƙƙinsa. Da yayyafi kogi kan cika. Baƙon da ka kyautata wa bana, shi zai kawo maka wani baɗi.