Fadar Kawsan da ta zama masaukin baƙi

Wanda duk ya doshi birnin Agadas, abin da yake fara hange shi ne hasumiyar babban masallaci. Tsawonta mita 27 ne, kuma da ƙasa aka gina ta. Daura da masallacin akwai wani tsohon gida mai kaurin bango. Turawa suna ce masa Hôtel de l'Aïr, wato Otel na Abzin. Kafin ya zama masaukin baƙi, gidan nan fada ce ta wani jarumi.

Sunan jarumin Kawsan. Ba'abzine ne daga ƙabilar Ikazkazan. Ya ƙi yarda da mulkin Faransawa. Ya tafi arewa, ƙasar Fezan, ya haɗa kai da ƴan ɗariƙar Sanusiyya, ya samo bindigogi da igwa. A watan Disamba na 1916 ya iso Agadas da mayaƙansa. Sarkin Abzin Tagama ya goya masa baya. Suka kewaye barikin sojan Faransa kusan wata uku, ba shiga ba fita. Domin Kawsan aka gina wannan fada, kusa da masallaci da fadar sarki.

Kawsan bai daɗe a cikinta ba. A watan Maris na 1917 wata runduna ta taso daga Damagaram, ta ƙwace birnin. Faransawa suka kashe mutane da yawa, har da malamai. Kawsan ya janye da jama'arsa, suna yaƙi cikin duwatsu da rairayi. A 1919 aka kashe shi a Murzuk, cikin ƙasar Libiya ta yanzu. Tagama kuwa ya mutu a kurkukun Damagaram a 1920. Mai gida ya tafi, gida ya tsaya.

Daga baya aka mai da fadar otel, wato gidan da matafiyi yake biyan kuɗi ya ci ya kwana. Daga 1979 tseren motoci na Paris zuwa Dakar ya riƙa ratsa Agadas. Turawa masu yawon buɗe ido suka yawaita. Da yamma sukan hau bisa soron otel ɗin, su zauna suna kallon hasumiya har faɗuwar rana.

To, me ya sa baƙi suka so gidan nan? Gini ne ya ja su. Bangon ƙasa mai kauri yana tare zafin rana, ɗaki ya yi sanyi. Da dare kuma, lokacin ɗari, bangon yana riƙe ɗumi. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne babban ɗakin cin abinci, wanda rufinsa yake bisa baka.

Ga yadda magina suke ɗaurin baka. Itacen azara gajere ne, ba ya haye ɗaki mai faɗi. Sai a kafa azara cikin bango, a jera wata bisa wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta. Ana yin haka daga bangon nan da wancan, suna lanƙwasowa har su gamu a tsakiya. A ɗaure su, a lulluɓe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bakan nan shi ke ɗauke da nauyin rufi. Irin wannan aiki ne ake gani a tsofaffin soraye na birnin Damagaram.

A 2013 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya. Fadar Kawsan tana cikin gine-ginen da aka lissafa.

Jama'a, yau wasunmu suna jin kunyar ginin ƙasa. Suna ganin sai siminti da kwano ne arziki. Amma ga gidan ƙasa ya wuce shekara 100, mutane sun ƙetaro teku don su kwana cikinsa. Abin da ginin ƙasa yake so shi ne kulawa. A yi masa yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a hana ruwa kwanciya a gindin bango. Kuma a tura yara wajen tsofaffin magina su koyi ɗaurin baka. In maginan nan suka shuɗe ba magaji, wa zai gyara mana sorayen da kakanni suka bari?