Ruwan Goro da Ruwan Ɗorawa: Sunayen Launi a Hanyar Gwanja

A shekarar 1969 masana biyu daga Amurka, Brent Berlin da Paul Kay, suka fitar da littafi kan sunayen launi a harsunan duniya, inda suka ƙirga wa Ingilishi tushen launuka 11. Tun daga nan wasu ke auna sauran harsuna da wannan mudu, har ɗan zango a Salaga ko Bawku ya ɗauka cewa Hausa ta gaza, tunda ba ta da kalma guda da za ta kira launin lemo. Wannan zato bai da tushe.

Bahaushe yakan ce ruwan goro. Sunan kuwa yana ɗauke da tarihin fatauci. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano da jakuna, su bi ta Yendi su sauka Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja, su sayi goron da aka kawo daga kurmin Asante. Yaƙin basasar 1892 ya watse kasuwar, malamai irin su Alhaji Umaru suka koma Kete-Krachi, amma launin da goro ke bari a bakin mai ci ya zauna daram a harshe. Kalmar Ingilishi ta wannan launi ma haka ta samu: sunan lemo ne, wanda ya ratsa Farisanci da Larabci kafin ya isa Turai, kuma sai a ƙarni na 16 aka fara kiran launi da shi. Ashe kowa daga kayan kasuwa ya aro.

Haka ruwan ɗorawa, daga garin nan mai zaƙi da ke lulluɓe kalwa. Matan Bawku sun san itaciyar sarai, domin da kalwarta suke yin daddawa, sunan da Gana ta karɓa a matsayin dawadawa. Ga ruwan toka, ga ruwan ƙasa, ga ruwan hoda.

Inda harsunan biyu suka rabu shi ne wajen shata iyaka. Rawanin ɗan Kura da ya sha baba har yana ƙyalli, Bature zai sa shi a sahun shuɗi, marini kuwa baƙi zai kira shi. Batakarin Yendi mai duhun baba ma haka ne a idon Bahaushe. Sannan Hausa na da abin da ba ya cikin lissafin 11 ɗin: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar. Kowannensu da amsa-kamarsa, ba a musanya su; wanda ya ce "fari ƙirin" dariya kawai zai jawo.

Yau Ingilishi ne harshen hukuma a Gana, kuma "bulu" na ture shuɗi a bakin yaran zango. Aro ba laifi ba ne. Sai dai ya kamata malaman makarantun Salaga da Yendi da Bawku, idan sun zo darasin launuka, su tambayi yara sunan da kakanninsu ke kiran kowane launi kafin su rubuta na Turanci a allo.